Amsa ga Malamin da ya tambaye ni nawa aka biya ni

Assalamu alaikum Malam. Ka tambaye ni a bainar jama'a wai me ya sa nake yabon shirin kotun talabijin na Amurka inda ake tona wa mutane asiri kan 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, ka kuma ƙara da cewa nawa aka biya ni. Wannan ta ƙarshen ita ta ƙona min rai wallahi. Shekara 19 ina kan keken ɗinki a unguwar nan, je ka tambaya ko na taɓa cin wa wani ko yadi ɗaya.

Zancen ba kotun gaske ba ce kuwa ai na riga ka sani. Shirin Judge Judy da aka yi daga 1996 zuwa 2021, matar da ke shari'ar tsohuwar alƙaliya ce a New York amma a shirin raba gardama kawai take, daga ƙananan kotuna ake zaƙulo ƙararrakin, masu rigimar su sa hannu sun yarda da hukuncinta, kuma masu shirin ne ke biyan abin da ta yanke, iyakarsa dala 5,000. Tsawar da take wa mutane ni ma ba na so.

Abin da ke zaunar da ni gaban shirin shi ne tana tambaya ina takarda, ina rasit, yaushe ka ce za ka biya. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, ta ce mu rubuta bashi, mu ne in ka fito da biro sai a ce ka raina mutum. Yanzu haka akwai mai riƙe min dubu 47 na ɗinkin sallar bara, zare da shafi duk daga aljihuna, yara biyu na shago na biya su, in na tuna masa sai a taso ni wai ba ni da kara. Wannan ne kuɗin da ka ce bai taka kara ya karya ba Malam? Ban san me ya sa maganar biyan bashi ke tayar maka da hankali haka ba, kai ka san tsakaninka da mutane.

Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi a 2019, ba sai ka ɗauki lauya ba. Na ba mutumin nan zuwa ƙarshen wata, in bai kawo ba can zan kai shi, littafin awo na yana hannuna.