Godiya ga ofishin dillalin da ya riƙe mu da amana a Hayyul Ashir

Zuwa ga Ammu da yaran ofishinsa, Hayyul Ashir, Madinatu Nasr, birnin Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, na san ba ka jin Hausa. Ranar da na ce maka zan rubuta wannan takarda in sa inda mutanenmu za su gani, hannu ka ɗaga ka ce kada in kuskura in ambaci sunanka, to ban ambata ba, sai Ammu da muke kiranka, wato baffa. Amma duk ɗan ƙasarmu da ya taɓa neman ɗaki a Ashir zai gane wurin: ɗan shago mai kujeru uku, tsakanin mai gasa gurasa da mai matse ruwan rake. Abokin zamanmu ɗan Damagaram ya ɗauki alkawarin zai zauna ya juya maka ita zuwa Larabci, kuma na ja masa kunne kada ya rage komai, har da inda na yi ƙorafi.

A ƙarshen 2021 na sauka Masar da niyyar karatu a Azhar. Kamar kowane baƙo, burina in samu gado a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, inda ake saukar da ɗaliban ƙasashen waje, sai dai wurin ba ya ɗaukar kowa. Wanda bai samu ba sai ya shiga gari, ya nemi 'yan'uwa a haɗa kuɗi a kama shaƙƙa, wato fulat. Mu biyar muka haɗu: ni daga Zariya, wani daga Kano, ɗan Damagaram, wani ɗan Chadi daga Abeche, sai ɗan Indonesiya da muka sani a ajin koyon Larabci. Kafin mu zo wurinka wani simsar, wato dillalin gidaje, ya riga ya wanke mu, ya karɓi kuɗin nuna gida sau biyu, ya kai mu wani ɗakin ƙasa da bangonsa ke tsattsafo da ruwa, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Saboda haka da mugun zato muka shigo ofishinka, da kuma ƙarya a bakinmu. Tsofaffin ɗalibai sun koya mana cewa idan aka tambaye mu mu nawa ne, mu ce uku, don masu gida ba sa son taron samari. Ka tambaya, muka ce uku. Ka zuba mana shayi, ka jira sai da muka kurɓa, sannan ka ce, "Ya ibni (ɗana), bawwab (mai gadin gida) ba ya ƙirga mutane, takalma yake ƙirgawa a bakin ƙofa. Ku faɗa mini gaskiya yau, ya fi mai gida ya ji daga bakinsa nan da mako guda." Kunya ta rufe mu. Muka ce biyar. Ka buɗe littafinka ka tsallake gidaje huɗu da ka san masu su ba za su yarda ba, ka tsaya a kan na biyar.

Abin da ka yi da takardar haya shi ne tushen wannan godiya, ko da yake a lokacin gani muke kana ɓata mana lokaci. Al'adar ɗalibai ita ce mutum ɗaya ya sa hannu, sauran su raɓe a bayansa. Ka ƙi. Ka rubuta sunayenmu duka biyar da lambobin fasfo, ka rubuta shekara nawa, da ƙarin kashi 10 cikin 100 da za a riƙa yi duk shekara, da ta'amin ɗin da muka ajiye, wato kuɗin da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna. Ka tura yaronka ya raka mu Shahrul Aƙari, ofishin gwamnati na rajistar takardu, aka buga wa takardar hatimin tabbatar da kwanan wata, ka kuma tsaya sai da mai gida ya sanar da 'yan sandan unguwa cewa ya saukar da baƙi, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Sannan ka zagaya ɗaki ɗaki da biro kana rubuta abin da muka tarar: gadaje biyar, firji mai karyayyen hannu, tayil guda uku da suka tsage a kicin, kujera mai ƙafa uku da rabi. Ni har dariya na yi a raina, na ce wannan dattijo ba shi da aikin yi.

A banɗaki ka tsaya ka ɗaga kai. Injin ɗumama ruwa na gas ne, an kafa shi a ciki, babu bututun da zai fitar da hayaƙi waje, tagar kuma an liƙe ta. Mu da muka taso da tukunya a murhu ba mu ga wani aibu ba. Kai ka bayyana mana cewa iskar da irin wannan injin ke fitarwa ba ta da wari, mutum yana cikin wanka jiri zai ɗebe shi, kuma a lokacin sanyi ne abin ya fi faruwa saboda kowa ya rufe tagogi. Ka mayar da makulli aljihunka, ka ce wa mai gida ba za ka miƙa ba sai an gyara. Kwana huɗu muka ƙara a ƙasan ɗakin wasu 'yan'uwa muna jin haushinka. Watan Janairu ya zo da sanyin Alƙahira mai shiga ƙashi, muka yi ta wanka da ruwan zafi lafiya lau.

Zaman mutum biyar daga ƙasashe huɗu a ɗaki uku, wannan sai wanda ya yi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mun yi rigima a kan wanda ya shanye madarar wani, a kan wanda ke karatu da ƙarfi bayan asuba, a kan wankin kwanuka. Ɗan Indonesiya ya ce daddawarmu na hana shi numfashi, mu kuma ranar da ya soya nasa abin ɗanɗano na jatan lande sai da maƙwabciyar hawa na huɗu ta hauro ta buga ƙofa. Daga baya kowa ya koyi cin na kowa, har ya zama shi ke tambayar yaushe za a yi miyar kuka. Amma rigimar da ta kusa raba mu ta wuta ce. Mitar ta kati ce, kuma ɗaki ɗaya ne kawai ke da na'urar sanyaya ɗaki. A watan Agusta kuɗin kati yakan ƙare da tsakar dare, kowa ya fito yana zare ido. Ba aikinka ba ne, la'adarka ka riga ka karɓa tun bara, amma ka zaunar da mu a kujerun nan uku, biyu a tsaye, ka yanke cewa masu ɗakin sanyi su riƙa biyan rabin kuɗin wutar bazara, ka ba mu littafi mai bango shuɗi ka ce duk fam ɗin da ya fita a rubuta. Littafin yana nan har yau, shafukansa sun sha mai.

Sai shekarun wahala suka zo. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, bayin Allah suka yi ta kwararowa Masar da iyalansu suna neman inda za su sa haƙarƙari, kuɗin haya ya tashi a ko'ina. A gida kuma naira ta faɗi, abin da iyayenmu ke turowa ya koma kamar an yanka shi biyu. A watan Maris na 2024 aka sake karya darajar fam, dalar da take kusan fam 31 ta koma kusan 50 a rana guda. Ana cikin haka, muna tsakiyar jarrabawa, mai gidanmu ya hauro da kansa ya ce yana son gidansa nan da ƙarshen wata, ɗansa zai yi aure. Kowa ya san ba wani aure, wani ne ya taya da ninki. Gidaje da dama na ɗalibai haka aka watsar da su a lokacin, saboda ba su da abin nunawa sai maganar baka.

Na sauko ofishinka jikina na rawa. Ka ciro kwafin takardar daga durowa, ka kira shi, ka sa aka kawo masa shayi. Ba ka ɗaga murya ba. Ka aza yatsa a kan kwanan watan ƙarewar haya, sannan a kan hatimin, ka ce saura wata bakwai, kuma kai ne shaida. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, da ka bar shi ya kore mu, kai za ka kawo sabon ɗan haya ka ci sabuwar la'ada mai tsoka, ga shi kuma mutumin yana da wasu gidajen da kake nema masa mutane. Mu baƙi ne masu tafiya, shi ɗan unguwa ne da za ku ci gaba da haɗuwa a masallaci. Duk da haka ka tsaya a inda takarda ta tsaya. Da wa'adin ya cika ba ka yaudare mu ba, ka ce kuɗi dole ya ƙaru don kasuwa ta canza, ka dai ja shi har ya sauko inda za mu iya.

Ƙorafina biyu ne. La'adar wata guda cur tana da nauyi a kan ɗalibi, ko da an raba biyar. Sannan "minti biyar" ɗinka, Ammu, ba ta taɓa gaza awa guda ba, kuma mai gyaran famfon da kake turo mana ya fi ka.

Makon jiya na zo sallama. Gidan bai tashi ba, ni kaɗai zan fita, don haka ka cire sunana ka sa na wani yaro ɗan Azare da ya iso kwanan nan, kamar yadda ka yi lokacin da ɗan Abeche ya koma gida bayan rasuwar mahaifinsa. Ka fito da tsohuwar takardar kaya, muka hau tare. Mai gida ya nuna tayil ɗin kicin, ka nuna masa layin da ka rubuta tun 2021. Gilashin tagar da na fasa da gwiwar hannu kuwa ba ka rufa mini asiri ba, aka cire kuɗinsa, sauran kasona na ta'amin ka ƙirga mini a hannu har da canji.

Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a, ya jiƙan magabata. A gaida yaran ofis da bawwab mai ƙirga takalma. Yaron Azare bai iya Larabcin Masar ba tukuna, idan ya ce "na'am" ga komai, bai gane ba ne, a maimaita masa a hankali. Kilishin da na yi maka alkawari yana hannun wanda zai dawo bayan Babbar Sallah, mara yaji, na tuna.

Ɗanka,
ɗaya daga cikin 'yan hawa na biyar.