Zuwa ga Ministan Lafiya: ka yi magana kan ketamin kafin 'yan kemis su riga ka

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo. Na san aiki ya yi maka yawa, ba zan ja gaisuwa ba.

Ni ma'aikacin ɗakin tiyata ne a wani asibiti a Arewa maso Gabas, aikina sa mara lafiya barci kafin likita ya taɓa shi, saboda haka ketamin ba baƙo ba ne a hannuna, kusan kullum sai na zuƙe shi a sirinji. Na sha ba wa mace mai naƙuda shi da daddare an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, muna haskawa da tocilan waya, a ciro jariri lafiya uwa ta tashi lafiya, don shi ba ya danne numfashi kamar sauran alluran barci. Shi ya sa tun 1985 yake cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole a same su a ko'ina. Ina son maganin nan wallahi, ya rufa mana asiri ba sau ɗaya ba.

Abin da ya sa na rubuto maka ƙanena ne. Direba ne a hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, wata rana aka tare su, ya kwanta cikin ciyawa yana kallon abin da aka yi wa fasinjojinsa. Ya dawo gida ko ƙwarzane babu a jikinsa, kowa na cewa Alhamdulillah, amma yau shekara uku ke nan da takalmi a ƙafa yake kwanciya, in salansar babur ta yi ƙara a layi sai ka same shi a bayan randa yana karkarwa, gumi sharkaf, ɗansa ɗan shekara biyar ya koyi tafiya da sanɗa a cikin gidan ubansa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Likitan ƙwaƙwalwa ɗaya muka samu ya gan shi, ya ce ciwon firgici ne da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, wanda suke kira PTSD, ya rubuta ƙwaya, ya ce mu dawo bayan wata uku saboda layin da ke bayanmu.

To watan da ya wuce wani ya nuna wa mahaifiyarmu bidiyo a TikTok wai a Amurka allura ɗaya ake yi ta ketamin ciwon ya tafi. Ta kira ni ɗaki ta kama hannuna ta ce, kai da kake riƙe da maganin nan a wurin aikinka, ka ɗauko wa ɗan'uwanka mana. Na ce Inna ba zan iya ba. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sosai ba, daga baya na ji har an kwatanta mata wani mai kemis da zai yi masa a bayan shago in an biya.

Ranka ya daɗe, inda fushina yake ke nan. Me ya sa zance irin wannan zai shiga har ɗakin tsohuwa ta waya, amma ban ji ko sanarwar rediyo ɗaya da Hausa ko Kanuri da ke faɗa wa mutane gaskiyar lamarin ba?

Kuma gaskiyar ba ta da wuyar faɗa, kai likita ne ka fi ni sani. E, akwai bincike. A asibitin Mount Sinai na New York, Dakta Adriana Feder da abokan aikinta sun gwada shi a 2014, suka sake a 2021 da mutum 30, ana saka musu ɗan kaɗan cikin ƙarin ruwa na minti 40, sau shida cikin sati biyu, kusan biyu cikin uku na waɗanda suka samu ketamin suka ji sauƙi sosai. Amma sauƙin yawanci bai wuce kamar wata guda ba ciwon ya fara dawowa. Sannan a 2022 aka fitar da sakamakon gwaji mafi girma a kan sojojin Amurka da tsofaffin sojoji su 158, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a ciwon firgicin. Har ƙa'idar da ma'aikatar tsofaffin sojojinsu ta fitar a 2023 ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi don PTSD. Nau'in ketamin na feshin hanci mai suna Spravato da aka amince da shi a Amurka a 2019, don ciwon damuwa mai taurin kai ne da ya ƙi jin sauran magunguna, ba don firgici ba.

Ni kuma na ga abin da bidiyon ba ya nunawa. Na ga yadda mutum ke farkawa daga ketamin ido na rawa, yawu na dalala, jini ya hau, yana ihu yana ganin abin da babu shi a ɗakin, sai mun rirriƙe shi. Yanzu ka ɗauki wanda dama kullum dare sai ya sake ganin gawarwaki a mafarki, ka kwantar da shi kan benci a bayan kemis, babu na'urar auna bugun zuciya, babu iskar shaƙa, babu mai zama da shi ya yi masa magana in ya farka. Wanda kuma ya saba da shi mafitsara yake lalatawa. Matthew Perry ɗan fim ɗin Amurka da kuɗinsa da likitocinsa, ketamin ne ya yi ajalinsa a Oktoban 2023. Mu nan mun ga yadda kodin da tiramol suka yi da matasanmu kafin a farga a 2018.

Dan Allah kada ka fahimce ni a baibai, ba cewa nake a kulle ketamin ba. In aka tsaurara har ya ɓace daga asibitocin ƙauye, mata masu naƙuda ne za su biya da rayukansu. Abin da nake roƙo, ma'aikatarka ta fito da ƙa'ida a rubuce: wa ke da izinin ba da shi don ciwon ƙwaƙwalwa, a wane irin wuri, da wane kayan aiki, NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna su bi kemis-kemis. In kuma ana ganin akwai fata a maganin, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, a ba su kuɗi su yi gwajin bisa tsari a kan mutanenmu. Tun 2009 muke tara masu wannan ciwo.

Kuma ka tuna a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, a cikinta aka yi alkawarin sashe na musamman a ma'aikatarka da asusun kuɗi na wannan fanni. Mu a ƙasa har yau muna jiran mu ji ɗuminsa. Maganin da aka fi tabbatarwa ga irin ciwon ƙanena zama ne da ƙwararre sati-sati ana warware abin da ya gani a hankali, da ƙwayoyi irin su sertraline, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba, wasunsu ma na ta ficewa waje. A horar da mu ma'aikatan jinya mana, muna nan a kowace ƙaramar hukuma. Maganar sojojin da ke dawowa daga daji ma tana nan, da 'yan gudun hijira, da waɗanda aka karɓo daga hannun 'yan bindiga a Zamfara da Katsina.

Inna ta ce ta ba ni zuwa bayan Sallah, in ban samo wata hanya ba za ta kai shi wurin mai kemis ɗin da kanta. Ina so kafin lokacin in samu wata takarda daga ofishinka da zan karanta mata.

Naka,
Ma'aikacin ɗakin tiyata, Arewa maso Gabas