Ina za mu kai yaranmu? Ga abin da na gani

Assalamu alaikum iyaye. Tun jiya Maman Abba ke tambaya kan inda ya fi dacewa a kai yaron da ya yi jinkirin magana ko tafiya.

Wanda ya kai shekara 2 bai fara furta kalma ba, don Allah a fara da gwajin ji a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Ni sai da na yi wata shida ina biyan mai koyar da magana, ashe ɗana ba ya ji sosai. Ranar da aka saka masa na'urar taimaka wa ji, cokali ya faɗi a kicin ya waiwaya, na zauna na yi ta kuka.

Mai sanƙarewar gaɓoɓi, ko wanda ya wuce wata 18 bai taka ba, sashen gashi (motsa gaɓoɓi) na asibitin Barau Dikko ko na asibitin Shika da ke Zariya ya fi sauƙin kuɗi, amma sai an yi sammako. Farfaɗiya da yawan ƙiriniya kuma, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Kar sunan ya tsorata ku.

Masu gashi da koyar da magana da ke zuwa gida suna hutar da mutum kuɗin Keke Napep, kuma yaro ya fi sakewa a gida, sai dai da tsada. A nemi ganin lasisinsu na hukumar MRTB mai yi wa masu wannan aiki rajista. Kuma ki zauna a wurin, ki koyi atisayen da hannunki, don in sun zo rana ɗaya a mako, ke ce da shi sauran kwana shidan.

Wadda za ta je Barnawa ranar Talata ta yi min magana, mu tafi tare.