Masu rubuta darasin Git, ku fara da gargaɗi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu rubuta wa matasanmu darussan kwamfuta, musamman kan Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin sauye-sauyen aiki. Ina koyar da rubuta manhaja a nan Kano, kuma yadda ake bayanin umarnin git commit --amend yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yawancin bayanan da ɗalibaina suke kawo mini layi ɗaya ne: wai umarnin yana gyara komit na ƙarshe (komit shi ne ajiyar sauyin da aka yi a tarihin aikin, tare da ɗan saƙon bayani). Yaro ya karanta, sai ya ɗauka kuskure kawai za a goge. Alhali Git ba ya taɓa tsohon komit ɗin. Sabo yake yi, da sabuwar lambar shaida, ya ɗora shi a kan reshen, wato layin aikin da ake kai, a madadin wancan. Jagorar Git ta asali da wannan ta fara bayanin umarnin, amma gargaɗin abin da zai faru idan an riga an tura aikin ga jama'a sai a ƙarshen bayani ya zo, kuma mai gaggawa ba ya kaiwa can.

Na ga illar da idona. Wasu ɗalibaina biyu suna aiki ɗaya. Ɗayan ya tura nasa, ya hango kuskuren rubutu a saƙon, ya gyara da wannan umarni. Da ya sake turawa Git ya ƙi karɓa, sai ya ƙara --force, wato turawa da ƙarfi a danne abin da ke can. Aikin da abokinsa ya ɗora a kai ya ɓace daga reshen da suke tarayya. Ran nan sai da na shiga tsakani. Allah ya sa akwai kwafi a kwamfutar abokin.

Don Allah, mai rubuta bayani ya sa wannan tambaya tun a layin farko: ka riga ka tura? In ka tura kuma ba kai kaɗai ke aiki a reshen ba, yi sabon komit kawai. Sannan ya faɗa ƙarara cewa duk sauyin da aka riga aka ware don komit da umarnin git add zai bi cikin sabon komit ɗin, ko da saƙo kaɗai aka so gyarawa, sai fa an ƙara --only. Wannan ma yana cin mutane da yawa.

Kuma a nuna, kada a tsaya ga faɗa. A sa mai koyo ya buga git log, umarnin da ke jera tarihin komit, kafin gyara da bayansa, ya ga lambar ta canza da idonsa. A gaya masa tsohon komit ɗin yana nan a git reflog, inda Git ke rubuta duk inda reshe ya taɓa tsayawa, bisa tsarin asali har kwana 30, don kada hankalinsa ya tashi idan ya yi ɓarna.

Ina roƙon jaridarku ta riƙa ba wa irin waɗannan darussa wuri a shafin kimiyya da fasaha, wanda ya san aikin ya duba su kafin a buga.

Na gode.

Wani malamin kwamfuta,
Kano