Kafin Ka Sa Cebur a Ƙasar Surame

Assalamu alaikum, mai sunan Malam.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka a Zariya. Mu nan Argungu lafiya lau, ruwa ya ja a fadama, ana ta yankan shinkafa. Tsarin binciken nan na digirinka na biyu da ka turo wa ƙanwarka ta waya, ta kai shago an buga mini shi a takarda, don idona ba ya jure ƙananan haruffa yanzu. Na karanta har sau biyu, na kuma yi murna. Sai dai layi guda a shafi na biyu ya tsaya mini a rai, inda ka ce aikinka na tono a kufan Surame, tsohon babban birnin Kabi, zai tabbatar wa duniya girman daular Kanta, sarkin da ya kafa ta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami maimakon in kira ka, don maganar waya iska ke tafiya da ita.

Ni na riga ka zama Bakabe. Shekara talatin ina koyar da tarihi, kuma duk ranar da darasi ya kawo ni inda aka jera Kabi da Zamfara da Yawuri cikin Banza Bakwai, sai alli ya yi mini nauyi a hannu. Na san abin da ke cin ka. Amma wanda ya tafi kufai da amsarsa a aljihu, abin da yake so kawai zai gani. Ka fi ni sanin labarin Bajamushen nan Schliemann, da ya je Turkiyya neman birnin Taroy na waƙoƙin Girkawa. Don ɗoki ya tsaga tudun da wani makeken rami, ya kwashe ƙasar zamanin da yake nema ya zubar. Zinaren da ya samo a 1873 ya ce na sarkin waƙar ne, daga baya aka gane ya girmi wancan zamanin da kimanin shekara dubu. Ya yi suna, amma abin da ya ɓata ya ɓatu har abada.

Bari in faɗa maka tawa wautar, wadda ban taɓa gaya maka ba. Farkon aikina, a wani ƙauye a ƙasar Yawuri, yara suna haƙar ƙasar gini suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, bai kai dunƙulen hannuna ba, da kitso a kansa da 'yan layuka a kumatu kamar tsaga. Suka kawo mini. Na wanke shi tas da ruwa da soso, na ajiye a taga ina danne takardun jarrabawa da shi. Bayan wajen shekara biyu wani malamin jami'a ya ratso ƙauyen, na nuna masa ina jin kaina. Ko minti guda bai yi yana kallonsa ba, sai tambaya: daga wane rami? Zurfin nawa? Me ke kusa da shi, gawayi ko tsingaro ko ƙashi? Ko ɗaya ban amsa ba. Ramin ya riga ya zama kududdufi, yaran sun bar makaranta. Ya mayar mini da abina ya ce na yi masa wanka na yanke masa harshe. Can na fara jin cewa a wannan yankin ne masana suka yi tono kusa da Yelwa kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968, suka sami irin waɗannan siffofi a mazauninsu, har aka iya auna shekarunsu. Nawa kuwa madannin takarda ya zama, kuma a wata ƙaura ya ɓata.

To, batun Kanta. Shaidunka na takarda da na baki uku ne, kowanne da inda ya tsaya. Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'di ya rubuta a Tambutu wajen 1655, shi ya kawo yadda Kanta ya bi Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, yaƙin Agadas, aka saɓa kan rabon ganima, ya yi tawaye wajen 1516. Marubucin mutumin ƙasar Songhai ne, kuma kusan shekara 140 ke tsakaninsa da abin. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello 1812 ne, shekara bakwai bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kabi a 1805. Bello bai rage wa Kanta girma ba, amma daga wancan ɓangaren yake kallo. Na uku namu ne, abin da ke bakin fadawa da makaɗa a nan. Daɗinsa ya fi na kowa, shi ya sa za ka fi yi masa taka-tsantsan. Kakarka ta sha ba ku labarin Nufawan da suka makara zuwa aikin ganuwa, Kanta ya ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya maimakon ruwa. Kada ka yi wa labarin dariya, kada kuma ka sa shi a kundinka kamar ka gani da ido. Rubuta wanda ya faɗa maka, da garinsu, da wurin wanda ya ji. In ganuwar na da abin cewa, ɗakin gwaji zai ji.

Ƙasa ce shaida ta huɗu, ita ba ta san fada ba. Duwatsun ganuwa kowa ya je zai gani ya ɗauki hoto. Ni da zan zaɓa maka, juji zan tura ka, da bakin murhu, da inda kashin maƙera ya taru. Can za ka san abin da talakan Surame ya ci, gero ne ko shinkafa, wane irin kifi, tukunyarsa ta gida ce ko fatake suka kawo. Masu ɗaukar dutsen ba su da maroƙi. Kuma kai da bakinka ka yi mini bayanin gwajin kabon da ake auna shekarun gawayi da shi, cewa rabin sinadarin da ake aunawa ke zagwanyewa a shekara 5,730, kuma tazara yake bayarwa, ba rana da wata ba. Ke nan gawayinka zai iya kasa raba zamanin Kanta da na jikansa. In itacen tsohon gawo ne aka ƙona, shekarun bishiyar ma za su shigo lissafi, don haka ƙwayar hatsi da ta ƙone ta fi. Abin da gwaji ya ba ka shi za ka rubuta, ba tare da ka ja shi ya faɗo daidai kan mulkin Kanta ba. In ma ya nuna akwai mutane a wurin tun kafin shi, ko wani sashen ganuwar bayansa aka yi, rubuta hakan. 'Yan majalisarmu ta ƙofar gida za su yi gunaguni, ni zan tare maka su.

Kada ka taɓa ƙasa sai takardar izini daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana hannunka, dokar 1979 ta wajabta. Ka san abin da ya sami Kwatarkwashi a Zamfara, inda masu tonon dare suka kwashe siffofin yumɓu suka sayar wa dillalai, yau suna gidajen masu kuɗi a Turai, kowanne bebe kamar nawa. Wata rana wani zai zo maka da fara'a ya ce ɗan tsingaro ɗaya kawai yake so. Sallame shi tun daga bakin rami.

Surame yanzu a jihar Sakkwato take, saboda haka baƙo ne kai a can, duk da kakanninka. Fara da gidan hakimi da mai gari, da goronka, ka zauna ƙasa ka faɗi abin da ya kawo ka. In suka ce wuri kaza ba a taɓawa, bar shi. In ka ci karo da kabari, tsaya ka kira su. Leburorin da za ka ɗauka ka biya su ranar da ka ce, ka kuma saurare su, don manomin da ke huɗa a gefen ganuwa ya san inda garma ke fito da tsingaro fiye da taswirarka. Littafin filinka kuwa rubuta shi a bakin ramin, ba da dare a masauki ba, ka ɗauki hoton kowane shafi.

Maganar hanya ita ta fi damun innarka, kuma tana da gaskiya, ka san halin tsaron yankin. Kada ka kwana a daji, kada ka tafi sai mutanen gari sun ce a zo. In bana bai yiwu ba, gidan tarihi na Kanta yana nan kusa da mu, da kayan da ba su ishi kowa kallo ba, ga ma'ajiyar Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Ganuwar da ta yi shekara 500 tana tsaye za ta jira ka damina guda.

Innarka ta ba direba busasshen kifi da yaji ya kawo maka ranar Laraba, ka tare shi a tasha. Gyara layin nan na shafi na biyu kafin ka kai wa malaminka, ka turo mini in gani. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.