Wasiƙa kan muzurun yara

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Zariya alhamdu lillahi, sai zafin bazara da ya sa mu gaba.

Saƙonka ya iso, na kuma yi dariya da na ji wai kai da ba ka son mage, yau ga muzuru yana kwana a kan dardumarka a Yamai. Ka tambaye ni yaushe ne ya zama dole a kai shi wurin likitan dabbobi, tunda kuɗin ba kaɗan ba ne. To, ka sani mage akwai ta da ɓoye ciwo. Kafin ka ga alama a fili, abin ya riga ya yi nisa.

Tunda namiji ne, abin da na fi ji masa tsoro shi ne toshewar fitsari. Za ka ga yana yawan zuwa inda yake fitsari, ya tsuguna, ya yi ta nishi yana kuka, ya tashi ba komai, ko 'yan ɗigo masu jini, sai ya koma yana lasar gabansa. Mutane da yawa sukan ce cikinsa ne ya ɗaure, su ɗura masa man ja su zuba ido. Alhali hanyar fitsarin muzuru siririya ce, ɗan tsakuwa kaɗan ya isa ya toshe ta. Idan ka shafa mararsa a hankali za ka ji mafitsara ta yi tauri kamar lemu. Kada ka matsa. Fitsarin da ya rasa mafita yana lalata ƙoda, dafin ya taru a jini har ya taɓa zuciya, cikin kwana 2 zuwa 3 sai a rasa shi. Wannan ba a kwana da shi, ko tsakar dare ne.

Ka koyi duba dasashinsa tun yana lafiya. Ɗaga leɓensa, za ka ga ja-ja ne mai damshi. Danna da yatsa ka saki: ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. In ya yi fari fat, ko shuɗi, ko ruwan ƙasa, ɗauke shi ku tafi. Haka in ka ga yana numfashi da baki buɗe. Kare yana haki don zafi, amma mage ba ta yi sai da matsala. Ƙin cin abinci fiye da kwana ɗaya ma abin dubawa ne, don hantarsu ba ta jure yunwa.

Sai maganin ɓera. Irin mai tsinka jini ba ya nuna kansa sai bayan kwana 3 zuwa 5, saboda haka in kun ga ya ci, kada ku ce ai ga shi garau. Ku tafi da kwalin maganin, likita ya gani. Kuma don Allah ka ja kunnen uwargida: kada tausayi ya sa ta ba shi Panadol. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe mage.

A yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare tun yana wata 3, mage ma tana ɗauka. In ya sauya hali haka kawai, yana dalalar da miyau, yana kai cizo, ka raba shi da yara. Wanda ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti nan take.

Ka nemi lambar likita yau ka ajiye a waya. A gaida mutanen gida, a shafa mini kan auta.

Naka har kullum,
amininka