Wasiƙa a kan takarar da ba a buga sunan mai ita a takardar ƙuri'a

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali da su Baba. Ka tambayi yadda mutum zai ci zaɓe a Amurka alhali sunansa ba ya cikin takardar ƙuri'a. Tambayar ta dace, tunda a Najeriya alamar jam'iyya ake dangwalawa, kuma ba ka tsayawa takara sai jam'iyya ta tsayar da kai. A yawancin jihohin Amurka kuwa, ƙasan jerin sunaye akwai layi da ba komai a kansa, inda mai zaɓe zai rubuta sunan wanda yake so da hannunsa.

Kowace jiha da dokarta. Hawaii da Nevada da Oklahoma ba su yarda da wannan layi ba, kuma a 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta ce haramcin Hawaii bai saɓa wa tsarin mulki ba. Jihohi da yawa sai ka yi rajista tukuna: a Ohio kwana 72 kafin zaɓe, a Alaska kwana 5. Wanda bai yi ba, ko mutum dubu nawa suka rubuta sunansa, ba za a lissafa masa ba. Mai neman kujerar tarayya kuma, da zarar ya tara ko ya kashe fiye da dala 5,000, sai ya yi rajista da hukumar tarayya mai sa ido kan kuɗin kamfe.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne na Lisa Murkowski ta Alaska. Ta fara a majalisar dokokin jiha a 1999. A 2002 mahaifinta Frank Murkowski ya zama gwamna, ya naɗa ta a kujerar sanatan da ya bari, abin da ya jawo mata tsegumi na shekaru, duk da ta ci zaɓe da kanta a 2004. A watan Agustan 2010 Joe Miller ya kayar da ita a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Republican da ƙuri'u kusan 2,000. Sai ta ƙi janyewa, ta shiga babban zaɓe ta layin rubutu.

A nan aikin yake. Dokar Alaska ta buƙaci abu biyu daga mai zaɓe: ya cike ɗan da'irar da ke gefen layin, sannan ya rubuta sunan. In ya rubuta bai cike da'irar ba, ƙuri'ar ta faɗi. Ga shi sunan nata mai wuyar rubutu ne ko ga Ba'amurke. Don haka kamfe ɗin ya koma makaranta: tallan talabijin da ke koyar da harruffan sunan ɗaya bayan ɗaya, da abin hannu na roba ɗauke da sunan, wanda mutum zai shiga da shi rumfar zaɓe ya kwafa. Ƙungiyoyin 'yan asalin Alaska sun mara mata baya da kuɗi da mutane har ƙauyukan da ba a isa sai da jirgin sama. Abokan hamayya ma ba su zauna ba. Da aka amince a riƙa nuna wa masu zaɓe jerin irin waɗannan 'yan takara, sai fiye da mutum 100 suka yi rajista don sunanta ya nutse a cikin jerin.

Na'ura ba ta karanta rubutun hannu, iyakarta ta ce an cike da'ira kaza. Sai aka zauna a Juneau, babban birnin jihar, ana duba takardu ɗai-ɗai, wakilan kowane ɓangare suna tsaye. Ta samu 101,091, Miller 90,839. Mutanen Miller sun ƙalubalanci fiye da 8,000 daga cikin nata, galibi kan kuskuren harafi, amma Kotun Ƙolin jihar ta ce niyyar mai zaɓe ake bi. Ka lura da wannan sosai: ko da an zubar da waɗancan duka, tana gaba da fiye da 2,000. Mai wannan takara sai ya nemi ratar da ta fi ƙuri'un da za a yi masa gardama a kansu.

Kafin ita, na ƙarshe da ya shiga Majalisar Dattawa ta wannan hanya shi ne Strom Thurmond na South Carolina a 1954, wanda tarihinsa na kare wariyar launin fata ba abin yabo ba ne. Shi tsohon gwamna ne. Charlie Wilson na Ohio sanatan jiha ne a 2006 lokacin da ya kasa kawo sa hannun mutum 50 ingantattu don shiga zaɓen fidda gwani. Ya dawo ta layin rubutu ya ci, ya wuce Majalisar Wakilai. A shekarar ce Shelley Sekula-Gibbs ta sha kaye a Texas, inda masu zaɓe da yawa sai sun juya wani ɗan maɓalli mai zagaye a na'ura suna zaɓen harafi ɗaya-ɗaya na wannan dogon suna, ga shi ta shiga takarar a makare.

Ni a ganina kada ka ɗauki wannan hanya a matsayin ƙofar talaka marar jam'iyya. Duk waɗanda suka ci manyan kujeru da ita, jama'a sun riga sun san su, suna da kuɗi da lauyoyi da wakilai a wurin ƙidaya. Amfaninta na gaskiya shi ne idan 'yan jam'iyya ƙalilan sun tsayar da wanda sauran jama'a ba sa so, akwai inda za a ce a'a. Wannan kaɗai ya sa nake ganin ta cancanci a kare ta.

Ka gaida mini Hajiya da yara, ka kuma rubuto mini ra'ayinka kan batun takara ba tare da jam'iyya ba da ake ta tattaunawa a gida.

Naka har kullum,
Amininka